Inna Mai Banda da Tarwaɗar Sakumo

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk Zangon Ankara ke kira Inna mai banda. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Ita ta riga mu isa, mu muna tafe. Yau an yi sadakar arba'in an watse, tsakar gida ta yi shiru, shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani game da ita tun bai fara zubewa daga kaina ba.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Mutanen Zango sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma tun ba a fita da ita ba sai ga matan Ankarawa, masu ƙasa, waɗanda ke sayar da kifi a bakin teku, sun shigo a jere, hannuwa a ka, suna kuka mai ƙarfi irin nasu. Liman ya aiko daga zaure a ce su sassauta, ba haka Musulmi ke yi ba. Babbarsu ta share fuska da gefen zani, ta ce wa ɗan aiken da Hausarta ta kasuwa:

"Ka gaya Malam, shi uwanmu ne mu ma. Mu yi kuka kaɗan, mu tafi."

Liman bai sake aikowa ba.

Da la'asar wani tsoho ya zo, farin zani a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Manzon wulomo ne, wato dattijon Ankarawa da ke riƙe da tafkin Sakumo, wanda sai da izininsa ake shiga ruwan. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi magana da Ankaranci, aka kira ni in fassara, don uwata Ba'ankariya ce. Ya ce an aiko shi ya faɗa wa iyalin tsohuwa cewa, a cikin duk baƙin da suka sha ruwan ƙasar nan, ita ce ba a taɓa bin sawunta don a duba abin da ta yi ba. Ya faɗi haka, ya juya ya tafi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mahaucin da ke maƙwabtaka da mu. Ƙato ne, ga baki, kuma tun da na san shi yake faɗa da Inna. Ya zauna a kan turmi yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Shekara da shekaru ina yawo ina cewa tsohuwar nan ta danne ni. Wallahi ko sau ɗaya ba ta danne ni ba. Kifina ne ƙarami." Mutane suka rasa ko dariya za su yi ko kuka.

Maigidana kuwa, in ya gama karɓar gaisuwa sai ya zagaya bayan ɗaki, inda murhunan bandarta suke, ya tsaya yana kallon toka.

Inna 'yar Yawuri ce, daga cikin Sarkawa, masuntan kogin Kwara. Ubanta shi ne sarkin ruwan ƙauyensu. Wani farke mai goro ya aure ta, ya bi da ita ta Salaga, har suka gangaro bakin teku tun Turawa ba su dawo da mazaunin gwamna Ankara ba, lokacin Zango bai wuce 'yan bukkoki a bayan kasuwa ba. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya a goye. 'Yan ayari sun ce ta bi su gida, ta ce ba za ta sake taka wannan hanya da jariri ba. Ta gina murhu da yumɓu, ta koma sana'ar gidansu.

Teku bai taɓa burge ta ba. Takan ce ruwa ne marar kunya, ba ya kwanciya, ba a shan sa, ba shi da tsallake. Ta gaya mini ta yi shekara biyu tana jin kamar a kurkuku take, sai ranar da ta bi wasu mata neman itace zuwa yamma da gari, tafiyar asuba zuwa hantsi, suka ɓullo a Sakumo, babban tafkin da kogi ke zubawa a ciki kafin ya tarar da teku. Ta ce da ta shaƙi warin laka da ciyawar ruwa, sai ta sauke kayanta ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Matan suka zaci maciji ne ya sare ta.

Ni an kawo ni gidanta ina yarinya. Ubana tsohon soja ne, mutumin arewa da ya koyi Hausa a bariki, don haka Hausar da na taso da ita ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Kwana biyu da tarewata na fito na tambayi wata maƙwabciya, "Inna ya dawo?" Ashe tana bayana.

"Wa ya dawo, ɗiyata?" in ji ta. "Kin ga gemu a fuskata? Ta dawo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma daga ranar ba ta sake gyara mini magana a gaban mutane ba. Sai mun zauna mu biyu muna fede kifi take yi, a hankali, tana kallon wuƙarta. Hausar da nake magana da ita yau a bakin murhunta na same ta, tare da yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiya a baki, da irin itacen da ke ba kifi ja, da irin wanda ke sa shi ɗaci. Ba ta taɓa kira na da suna ba, sai ɗiyata. Ɗanta kuwa, da yake na fari ne, ko kallon idonsa ba ta yi sosai, balle ta ambaci sunansa. In tana son sa sai ta ce mini, "Ina mutumin nan?"

Ankarawa suna rufe Sakumo watanni a kowace shekara. Wulomo zai sa a kafa sanda da ganyen kwakwa a bakin ruwa, daga nan ko ƙugiya ba mai jefawa sai ranar buɗewa. To, a Zango akwai maza da yawa da suka taso a bakin kogunan arewa, yanzu sun zama maɗinka da mahauta da masu gadi, amma hannunsu na ƙaiƙayin fatsa. Ba don ci ba, kifi ya yi yawa a kasuwa. Don dai su zauna bakin ruwa su ji abu ya ja igiya. Da farko sata suke yi, ana kama su ana dukan su. Inna ce ta ɗaure goro a ganye ta je wurin wulomo da ƙafarta, tun kafin a auro ni. Ta roƙa wa 'yan Zango gefen da kogi ke shigowa, inda ruwan ba gishiri. Ya yarda, bisa sharaɗi: fatsa kawai, ba taru, sai masu ƙasa sun fara jefa nasu, kuma in an rufe, an rufe. Ita ta ɗauki alkawarin da bakinta a madadin kowa.

Maza ba sa zama wuri ɗaya ba su yi gasa ba. Kafin shekara uku ranar buɗe ruwa ta zama ranar gwada gwaninta. Kowa ƙugiya ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar, wanda kifinsa ya fi nauyi shi ya ci. Babu riga, babu rago. Wanda ya ci, shi ake fara zuba wa miya, kuma har shekara ta zagayo ana kiran sa Sarkin Fatsa, ko a masallaci. Amma na ga dattawa masu jikoki sun daina gaisawa a kan wannan suna.

Tun da duk kifin a murhunta yake ƙarewa, ita ta zama alƙali ba tare da wani ya naɗa ta ba. Ta kuma ƙara nata dokoki, irin na ubanta. Kifin da bai kai tsawon tafin hannunta ba, ya koma ruwa. Mai ƙwai a ciki, ta koma ruwa, ko da ta kai girman jinjiri. Takan ce wanda ya ci kifi mai ƙwai, tuwon jikokinsa ya cinye. In mutum ya yi gardama ba ta ɗaga murya. Sai dai kifinsa ba zai hau murhunta ba, ya je ya nemi mai yi masa banda.

Wata shekara wani malami baƙo ya sauka a Zango, mai karatu sosai, mai zafi. Ya yi wa'azi cewa bin dokar wulomo bin tsafi ne, ruwa na Allah ne, Musulmi ya shiga duk lokacin da ya so. Samari suka fara murna. Inna ta aika masa da kifi mai kyau, sannan ta bi baya ta durƙusa a ƙofar zaure.

"Allah gafarta Malam, tambaya na zo yi. Gonar da aka shuka, ta Allah ce?"

Ya ce ta Allah ce.

"To don me ba a sakin awaki a ciki sai an girbe?"

Ta ƙara da cewa, "Ubana salla biyar yake yi, kuma kowace shekara yana rufe ruwa, don lokacin kifi ke haihuwa. Abin da tsohon can yake faɗa wa dodonsa, tsakaninsa da Allah. Ni abin da na sani, ko da shi ko babu shi, cikin kifi cike yake da ƙwai a watannin nan. Kuma mun yi alkawari. A littafinku akwai inda aka ce in wanda ka yi wa alkawari ba ya salla, ka karya?"

Malam ya ce babu. Ranar buɗewa ta shekarar har da shi aka je, ya kama wata 'yar karfasa, Inna ta gwada ta da tafin hannu ta ce ya mayar. Ya mayar yana dariya.

Ranar buɗe ruwa ita ce sallarta ta uku. Bayan asuba za mu ɗauki hanya, mata da tukwane da barkono da dokunu, wato tuwon masarar Ankarawa, maza da sandunan fatsa da ƙoƙon tana. Kafin mu isa za mu jiyo gangunan Ankarawa. Sai wulomo ya cire ganye, jama'arsa sun afka ruwa da taru suna ihu, sannan namu su bazu a gefensu, kowa ya nemi gindin da ya yarda da shi. Inna takan shimfiɗa tabarma a inuwa, da babbar ƙwarya ta ruwa a gabanta. Duk wanda ya kama ya kawo. Ta sa hannu biyu ta ɗaga, ta rufe ido, ta ɗan jinjina, ta ce, "Bai kai na mai gadi ba," ko "Wannan ya wuce." Shi ke nan. Wani tsohon saja ya taɓa aro ma'aunin rataye daga kantin Bature don ya kunyata ta. Aka auna kifi bakwai, yadda ta jera su haka ƙarfen ya jera su. Ta ce masa ya mayar wa mai shi kada ya yi tsatsa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na fi kowa bashin godiya gare ta, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Maigidana maɗinki ne, gwani, amma a bakin ruwa ba shi da sa'a. Shekara tara yana shiga gasa bai taɓa ci ba. Mahaucin nan ya sa shi gaba. Ko'ina suka haɗu sai ya ce, "Ga jikan sarkin ruwa! Jinin Sarkawa! Kifin da ya kama bara, kyanwata ta shinshina ta wuce." Mutane su yi dariya, shi ma ya yi yaƙe, amma in ya shigo gida ba ya iya cin abinci.

A shekara ta goma, saura kwana huɗu a buɗe ruwa, ya miƙo mini rama ya ce in tufka masa igiya siririya mai ƙarfi, kamu ashirin. Na ce ta mece ce? Ya ce ba ruwana. Da na matsa sai ya faɗa mini. Zai je ya kama babbar tarwaɗa tun ruwa na rufe, lokacin kifi ba ya tsoron ƙugiya, ya zura mata igiya ya ɗaure a cikin ciyawa. Tarwaɗa ba ta mutuwa da wuri. Ranar gasa sai ya jawo abarsa.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Nauyi take aunawa. Sau ɗaya dai, in rufe bakin mutumin nan."

Na san ba daidai ba ne. Amma na ga yadda abin ke cin sa, kuma ni ma ina so in ji an kira mijina Sarkin Fatsa. Na zauna na tufka igiyar a cinyata, na yi ta da kyau. Washegari ya ɗauki wata riga ya ce zai kai wa mai ita a ƙauye, ya dawo da yamma da laka a ƙafar wando.

Ranar buɗewa mahauci ya kama tarwaɗa mai kyau tun da azahar, ya zauna yana rera wa kansa kirari. Dab da la'asar sai muka ji ihu daga cikin ciyawa. Maigidana ya fito da tarwaɗa a rungume, baƙa wuluk, kanta ya kai faɗin akushi, wutsiya na jan ƙasa. Maza suka jefar da sanduna suka ruga. Mata suka yi guɗa, har da ni.

Aka ajiye ta a gaban Inna. Ta sa hannu ta ɗaga, ta rufe ido. Sai na ga ta buɗe idon da wuri. Ta kwantar da kifin a cikin ƙwarya, ta shafa cikinsa, ta zura yatsa a ƙarƙashin kunnen, inda yake shaƙar ruwa. Ta daɗe a haka. Guɗa ta mutu da kanta.

"Wannan kifi ba na yau ba ne," in ji ta.

Ba ta dubi ɗanta ba. Tsohon saja ta duba, da yake shi ne babba a wurin. Ta ce, "Cikinsa a lafe yake, ya kwana biyu bai ci ba. Ga gurbin igiya ya ci nama. Ku tambayi mai kifin ranar da ya kama shi."

Ba wanda ya tambaya, don fuskar maigidana ta riga ta ba da amsa. Saja ya tsuguna kusa da ita ya rage murya.

"Inna, Ankarawa suna can nesa, ba su ga komai ba. A ba mahauci sarauta, a yanka wannan a zuba a miya. Ɗanki ne. Rufin asiri ma ibada ce."

Abin mamaki, har mahaucin ya sa baki, ya ce shi ya yafe, a bar maganar a nan.

Ta ce, "Da ku aka yi wa laifi, da kun yafe ya wuce. Ruwan ba naku ba ne. Da wannan bakin na ce wa tsohon can in an rufe an rufe. In na haɗiye wannan don ɗana ne, baɗi da wane baki zan ce wa ɗan wani ya mayar da mai ƙwai?" Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Ɗiyata, ɗora mini ƙwaryar nan. Ki biyo ni, ke za ki yi mini baki."

Haka muka bi gaɓar tafki, tsohuwa a gaba da kifi a ka yana bugun ƙwarya, ruwa na zuba a wuyanta, ni ina bin ta, maigidana can baya kai a sunkuye. Wulomo na zaune a kujerarsa cikin fararen kaya, jama'a kewaye da shi. Inna ta sauke, ta durƙusa, ta faɗi komai. Ni kuma na juya shi zuwa Ankaranci, kalma bayan kalma, da bakina nake tona mijina.

Samarinsu suka taso da hayaniya. Wasu na cewa a kori 'yan Zango daga tafkin har abada, wasu sun ɗaga sandunan tuƙi. Wulomo ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi kifin, ya dubi maigidana, sannan ya yi tambaya ɗaya, kuma ni ce zan fassara ta.

Na ce, "Inna, wai shi kaɗai ya yi, ko da wanda ya taimake shi?"

Ta kalli ruwa. Ta ce, "Ki ce masa mutum ɗaya ne ya shiga ruwan da aka rufe. Shi na kawo."

Na faɗa. Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce al'adarsu, wanda ya keta ruwa ya kawo rago da barasa a ba tafki haƙuri. Inna ta ce wannan ba za ta iya ba, addininta ya hana, kuma ba za ta yi masa ƙaryar za ta kawo ba. Amma ga abin da za ta iya: gidanta ba zai taɓa kifin Sakumo ba har shekara ta zagayo, ko na banda, ko na miya. Kuma in damina ta cika tafki, ranar da za a haƙa yashin da ya raba shi da teku don ruwa ya fita, ɗanta zai zo ya yi haƙa tare da samarinsu daga farko har ƙarshe.

Wulomo ya yi shawara da dattawansa. Sannan ya tashi da kansa ya karkata ƙwaryar, kifin ya sulale ya tafi. Ya ce na bana ya lalace, 'yan Zango su kwashe sandunansu. Baɗi su dawo, saboda tsohuwa.

Muka koma gida. Maigidana ya sa a ransa ni na gaya mata. Na rantse, bai yarda ba. Ya daina cin abincina, ya daina amsa gaisuwata. Rana ta shida ya ce in haɗa kayana, ya riga ya aika wa ubana. Ina cikin ɗaure tukwane ina kuka, goyo a bayana, Inna ta leƙo ta gani. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta wuce kai tsaye zuwa zauren da yake ɗinki, inda ba ta taɓa sa ƙafa ba, ga abokansa zaune. Ta kira shi da sunansa na yanka. Tun da nake ban taɓa jin sunan daga bakinta ba, shi ma na tabbata bai taɓa ji ba. Allura ta faɗi daga hannunsa.

Ta ce, "Yarinyar nan ba ta buɗe baki ba. Kifin ne ya gaya mini, tun kana cikin zani nake jin maganarsu. In wanda ya tona ka za ka kora, ga ni, ni ce. Ka sa a haɗa nawa kayan. Amma in ta fita ƙofar nan, tare za mu fita."

Ta dawo ta kwance ɗaurin tukwanena da hannunta, ta mayar da kowace mazauninta.

Aurena ya tsaya, amma tsakaninsa da ita sai a hankali. Da safe daga bakin ƙofa yake gaishe ta, a tsaye, ya wuce. Ita kuma ta shiga shekarar da ta ɗora wa kanta. Matar da ta raina teku ta koma bandar ƙananan kifin teku masu ƙaya, waɗanda take cewa ba su da ɗanɗano sai gishiri. Masu zuwa neman tarwaɗarta daga nesa suka koma wurin wasu. Ta rame a shekarar. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai wani lokaci in iska ta taso daga yamma takan tsaya da aiki ta ɗaga hanci.

Da damina ta yi nisa aka aiko ranar haƙa. Ya tafi, ya yi kwana uku. Ya dawo da hannuwan maɗinki duk sun fashe, ko cokali ba ya iya riƙewa. Inna ta narka man kaɗe da wani ganye ta ba ni a kasko.

"Kai wa mutumin nan. Kada ki ce daga ina."

Ina shafa masa ya shinshina hannun, ya ce, "Wannan maganin tun ina yaro na san shi." Sai hawaye. Washegari ya shiga ɗakinta ya tsuguna har ƙasa. Ina tsakar gida ina jin su. Bai iya ba da haƙuri da baki ba. Labari ya shiga ba ta, yadda da yashin ya fashe ruwan tafki ya yi ta kwarara, sannan da teku ya turo, ya ga 'ya'yan kifi sirara kamar allurai suna shigowa, sun yi baƙi a ruwa, ba iyaka. Ya ce bai taɓa sanin daga nan suke zuwa ba. Ta ce, "To, ka gani." Daga nan ta tambaye shi ko ya karya kumallo.

Bai taɓa zama Sarkin Fatsa ba har yau. Amma tun daga baɗin shekarar shi ke zagayawa yana duba ƙugiyoyin mutane kafin a fara, kuma samarin Ankarawa da suka yi haƙa tare suna kiran sa ɗan'uwa.

Ni kuwa na ci gaba da ɗauke da nawa a ciki. Shekara goma sha tana yabona a gaban mutane, tana cewa Allah ya ba ta ɗiya mai gaskiya, ni kuma kowane yabo kamar an ɗora mini dutse. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa, sai tsoro ya kama ni kada ta daina ce mini ɗiyata.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, kullum da hantsi nakan fito da ita tsakar gida ta sha rana, in shafa mata mai a ƙafa. Saura kwana biyar ta rasu, muna zaune mu biyu, na ga yadda ƙafar ta zama kamar kara, na san in ban faɗa yau ba shi ke nan.

Na ce, "Inna, ina da abin da nake so ku yafe mini. Igiyar da aka ɗaure kifin nan da ita, ni na tufka. Kuma na san abin da za a yi da ita."

Ba ta ko buɗe ido ba. Ta ce, "Na sani."

Hannuna ya tsaya.

"Guntunta ya maƙale a kunnen kifin. Tufkar hagu ce. Duk Zango ke kaɗai ce bahaguwa mai tufka haka. Na cire na tura cikin laka da ƙafata."

Na ce, "To da tsohon ya tambaya fa?"

"Abin da na faɗa masa gaskiya ne, mutum ɗaya ya shiga ruwa. Shi namiji ne, zai sha kunya ya tashi. Ke kuwa a gaban dangin uwarki muke, da na ambace ki ba ki da sauran wurin sa ƙafa, ko can ko nan. Kuma na ga fuskarki kina fassarawa. Na ce wannan ta riga ta biya."

Na kifa kaina a kan gwiwarta ina kuka. Ta ɗora hannu a ƙeyata, hannun nan mai ƙanshin hayaƙi da ko ciwo bai kore ba.

"Na yafe tun a bakin ruwa, ɗiyata. Ina dai jira ki sauke da kanki, kada in tafi in bar ki da shi. Kin kusa makara." Ta ɗan yi dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa ta ce, "To ci gaba, ɗayar ƙafar ba ki shafa ba."

Na ci gaba.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka daga nesa da garinsu, ba uwa ba uba a kusa, sai mu da ta riƙa. Ta faɗi gaskiya a inda gaskiya ta ci ɗanta, ta rufa asiri a inda rufin ya ceci marar ƙarfi. Ka rufa mata nata kamar yadda ta rufa mini. Ka sanyaya makwancinta, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka. Wanda duk ya ji wannan, ya taimake ni da Ƙulhuwallahu ƙafa uku, Allah ya kai ladan gare ta. Amin.